Tarkon garin katako na bokiti: yadda ake haɗa shi a shagon kafinta, da iyakar abin da zai yi maka

"Assalamu alaikum, Maigida. Ni kafinta ne a Kano, ina da ɗan shago da yara uku. Muna aiki da zarton tebur da injin samfefa na hannu da rawuta, wato injin tona kwari a jikin katako. Na sayi injin zuƙar ƙura na gwanjo mai wat 1,400, amma ko minti 10 ba ya yi sai filtarsa ta toshe, ƙarfinsa ya mutu. An ce mini akwai wani bokiti da ake haɗawa a tsakani ya tare garin kafin ya isa injin. Yaya ake yin sa da kayan da muke samu a nan? Kuma idan na yi shi, tarin da ke damuna ni da ɗaya daga cikin yaran zai tafi?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya yi wa sana'a albarka. Tambaya biyu ka yi a haɗe, kuma amsarsu ba ɗaya ba ce. Ta farko ita ce ko ana iya tare garin katako a hanya don filta ta huta. Ana iyawa ƙwarai, da bokitin fenti ko ƙaramin duro, da fayif ɗin famfo, da guntun filawud, kuma aikin yini guda ne ga mai hannu irinka. Ta biyu ita ce ko wannan bokiti zai raba ku da tari. Shi kaɗai ba zai yi ba. Tarkon yana kare filta da injin, amma ƙurar da ke cutar da huhu ta fi ƙarfinsa, sai an bi ta wata hanya daban. Zan ɗauke su ɗaya bayan ɗaya.

Abin da ke faruwa a cikin bokitin

Filtarka tana toshewa ne saboda an ɗora mata aikin da ba nata ba. An yi ta ne don ƙura mai laushi ƴar kaɗan, kai kuma kana aika mata da duk abin da zarto ya tofar. Dabarar tarko ita ce a sa iskar ta shiga wuri mai da'ira ta gefe, ba ta tsakiya ba, sai ta kama juyawa a jikin bango kamar guguwa. Ka san yadda fasinjoji ke matsuwa a jikin ƙofa idan direba ya sha kwana da gudu. Haka garin katako yake yi: ya fi iska nauyi, ba ya iya shan kwanar tare da ita, sai ya bugi bango, gudunsa ya ragu, ya zame ƙasa. Iskar da ta sauke kayanta sai ta koma tsakiya ta fita ta fayif ɗin sama zuwa injin.

Ba sabuwar dabara ba ce. Tun a shekarun 1880 masana'antun niƙa gari a Amurka suke amfani da ita. James Dyson na Ingila ma a wurin tsaga katako ya ga babbar irinta a ƙarshen shekarun 1970, daga nan ya samo tunanin injin sharar gida marar jaka da ya yi suna da shi. Wato daga sana'armu abin ya shiga falon mutane.

Abubuwa uku ne ke sa tarko ya yi aiki: iska ta shiga da gudu, ta juya ba tare da wani abu ya tare ta ba, sannan garin da ya faɗi ya zauna a ƙasa kada a sake tayar da shi. Duk tarkon da aka kawo mini aka ce ba ya aiki, a ɗaya daga cikin ukun nan nake samun matsalarsa, kuma mafi yawan lokaci a na uku.

Fara duba injin da ke hannunka

Girman tarko ba daga girman shago ake auna shi ba, daga iskar da injin ke iya ja ne. Kafin garin katako ya yi tafiya a cikin fayif ba tare da ya kwanta ba, iska na bukatar gudun da ya kai wajen mita 20 a daƙiƙa. Injin irin naka yana da ƙarfin tsotsa sosai, amma iskar da yake ja ba ta da yawa, abin da ya kai kyubik mita 200 a awa ko kusa da haka idan filta na da tsabta. Idan ka sa wannan iskar a fayif mai inci 2, za ta yi gudun da ya wuce mita 25 a daƙiƙa, ya isa har da rara. Idan kuwa ka sa ta a mai inci 4, faɗin cikinsa ya ninka huɗu, gudun zai faɗo zuwa wajen mita 7, garin ya kwanta a hanya. Saboda haka kada wani ya ruɗe ka da cewa babban fayif ya fi. Ga injinka, inci 2 za ka tsaya a kai daga farko har ƙarshe.

Wannan kuma shi ke nuna maka abin da injin zai iya da wanda ba zai iya ba. Samfefa da rawuta da sharar ƙasa duk zai ɗauka. Zai taimaka wa zarton tebur ma idan ka rufe ƙasan teburin da filawud ka bar ƙofa ɗaya ta tiyo. Amma ranar da ka sayi injin fere katako mai zubar da sassaƙe buhu-buhu, wannan sai babbar fanka mai fayif inci 4 da ke jan abin da ya kai kyubik mita 600 a awa. Ka kuma tuna wat 1,400 ya fi ƙarfin ƙaramin janaretan nan mai wat 650 zuwa 950, balle a haɗa shi da zarto.

Haɗa na bokiti mai faifai

Hanya mafi sauƙi ita ce wadda wani Ba'amurke mai suna Phil Thien ya fito da ita, kafintoci a ƙasashe da yawa suka ɗauka. Ba ta bukatar mazurari, faifan katako ɗaya ne kawai a cikin bokiti yake raba sama, inda iska ke juyawa, da ƙasa, inda gari ke kwanciya.

Bokitin fenti mai lita 20 zai yi, amma faifan zai cinye kusan kashi ɗaya cikin uku na cikinsa, ka riƙa zubarwa a kai a kai. Na fi son shuɗin duron roba mai lita 50 ko 60, wanda bakinsa ke da faɗi kuma jikinsa na da kauri. Ana samunsu a kasuwa na hannu. Ka tambayi abin da aka zuba a ciki, ka wanke shi sosai. Idan na ƙarfe ne da ya taɓa ɗaukar fetur ko tina, kada a kusance shi da walda ko abin yanka, ko da ya daɗe a bushe, domin tururin da ya rage a ciki yana fashewa.

Ka yanka murfi da filawud mai kaurin milimita 18, ya ɗan fi bakin duron faɗi. Da rawutarka ka tona masa kwari zagaye a ƙasa daidai bakin duron, ka shimfiɗa robar tubun taya ko soson rufe taga a cikin kwarin. Ka huda rami biyu. Ɗaya a tsakiya cif, nan fayif ɗin da ke zuwa injin zai shiga. Ɗayan a kusa da gefe, nan za ka sa gwiwar fayif ta yadda bakinta zai kwanta a jikin bangon duron, yana kallon gefe, ba tsakiya ba, ba kuma ƙasa ba. Wannan gwiwar ita ce ke tayar da guguwar, don haka ka manna ta da bango iyakar yadda za ta yiwu.

Sai faifan. Ka auna faɗin cikin duron a daidai inda faifan zai tsaya, wato ƙasa da gwiwar kaɗan, domin yawancin duro da bokiti suna tsukewa zuwa ƙasa. Ka yanka da'ira daidai wannan awon da filawud mara kauri, milimita 6 ya isa. Daga nan ka raba gefen da'irar gida uku. Gida biyu ka rage musu santimita 3 daga baki, gida ɗaya ka bar shi yadda yake yana taɓa bango. Idan ka sa faifan a ciki za ka ga tsaga mai siffar jinjirin wata ta zagaye kashi biyu cikin uku na duron. Ta nan garin zai faɗa. Ka rataye faifan a jikin murfi da dogayen ƙusoshin noti guda uku, ka ɗaure sama da ƙasa, ka kuma sa su kusa da tsakiya don kada su tare hanyar iskar.

Ga inda mutane da yawa ke juya abin. Gidan nan ɗaya da ba a rage ba, dole ya fara daga ƙarƙashin bakin gwiwar ya bi ta inda iskar ke tafiya. A wurin ne iska ta fi hargitsi, kuma idan ta sami tsaga a ƙarƙashinta za ta nutsa ta kwaso garin da ya riga ya kwanta. Fayif ɗin tsakiya kuma ya ɗan leƙo ƙasan murfi, amma ka bar tazara tsakaninsa da faifan, kada ta gaza rabin faɗin fayif ɗin, in ba haka ba ka shaƙe injin. Ka goge bakin tsagar da samfefa ya yi santsi, saboda dogon sassaƙe yana maƙalewa a wurin da ke da kaushi, ɗaya ya riƙe ɗaya har tsagar ta cike.

Yoyon iska shi ne babban abokin gaba

A nan nake so ka fi ba da lokacinka. Cikin duron yana ƙarƙashin tsotso, saboda haka duk wata ƴar kafa da ka bari, iska za ta shigo ta nan. Idan kafar tana ƙasa da faifan, iskar da ta shigo ba ta da mafita sai ta tsagar da gari ke faɗowa, ta hau sama ɗauke da shi kai tsaye zuwa filta. Tarkon da aka yi da ka amma aka toshe shi tsaf ya fi wanda awonsa ya yi daidai amma yana da kafa ɗaya a jikin duro aiki. Ka bi kowace mahaɗa da silikon, har ramukan noti.

Yadda nake gwadawa shi ne in kunna injin, in yanko siririn leda in bi da ita a bakin murfi da kowace mahaɗa. Inda ta manne, nan ne yoyon. Wasu na amfani da hayaƙin turare ko maganin sauro, amma ba na son a kawo abu mai wuta kusa da tiyon da ke zuƙa. Bayan haka ka wanke tankin injin, ka auni mudu biyar na garin zarto a ƙasa ka zuƙe, sannan ka buɗe tankin. Idan tarkon ya yi, ba za ka ga komai ba sai ɗan fari-fari a jikin filta. Idan ka ga gari sosai, ka koma kan yoyo da matsayin faifan kafin ka zargi wani abu.

Bokitin fenti yana da wata matsala: da zarar bakin tiyo ya toshe, tsotson injin zai lanƙwame shi. Maganin shi ne ka zura shi cikin wani bokitin irinsa su zama biyu, ko ka sa zoben filawud a cikinsa daga ƙasa. Tiyo kuma ka taƙaita shi, domin tudu-tudun da ke cikinsa yana cin iska fiye da fayif mai santsi. Inda za ka sha kwana, gwiwa biyu masu digiri 45 sun fi ɗaya mai 90. Tarkon da kansa zai rage maka ɗan ƙarfin tsotsa, za ka ji bambancin a hannu, sai dai ƙarfin da ya rage zai tsaya daga safe har yamma maimakon ya mutu a minti 10. Ka zubar idan gari ya kai kashi biyu cikin uku na ƙasan faifan. Idan ya kusa taɓa faifan, tarkon ya daina rabawa.

Idan ka kai ga babbar fanka

Tarko mai mazurari, wato ganga da ƙasanta ke tsukewa, ya fi mai faifai kama gari mai laushi, kuma idan shago ya girma shi nake ba da shawara. Akwai awon da wani injiniyan Ingila mai suna Stairmand ya fitar a 1951, har yau ana koyar da shi. Idan faɗin gangar santimita 30 ne, to tsawon gangar 45, tsawon mazurarin 75, bakin mazurarin na ƙasa wajen 11, fayif ɗin fita mai faɗin 15 ya nutsa ciki da 15, ƙofar shiga kuma mai kusurwa huɗu, tsawo 15 faɗi 6. Wannan girman ya dace da fayif mai inci 4. Masu aikin kwano irin na Panteka a Kaduna za su naɗe maka shi idan ka ba su awon a takarda, sai ka tsaya a kansu cikin ya fita sumul, ba tudun walda ba lotsawa. Ga injinka na yanzu kuwa, rabin wannan awon ne zai yi, ganga mai faɗin 15 da tsawon 60 gaba ɗaya. Babba a kan ƙaramin inji ba ya juya iska da gudun da ake so.

Fankar kullum bayan tarko take zama, ba gabansa ba. Ta haka ƙusa ko guntun katako zai faɗa duro maimakon ya daki fukafukin fanka.

Maganar wuta

Duro cike da busasshen gari da iska na kaɗawa a kai, tartsatsi ɗaya ya ishe shi, kuma yana iya cin wuta a hankali daga ciki har bayan an rufe shago. Kada a zuƙi inda aka wasa ƙarfe da giranda, kada a zuƙi guntun taba ko toka. Idan zarto ya ci ƙusa ko katako ya yi ƙauri, a buɗe duron a duba. Tsumman da aka shafa mai ko fenti da shi ba ya shiga ciki. Ni dokar shagona ita ce ba a kwana da gari a duro. Lokacin hunturu kuma za ka ji fayif ɗin roba yana ɗan jan hannu, saboda gogayyar gari da busasshiyar iska. Ka naɗa masa wayar tagulla tsirara a waje ka haɗa ta da ƙarfen da ke binne a ƙasa, zai ragu.

Ƙurar da ba ta faɗawa duro

Yanzu tambayarka ta biyu, wadda ta fi damuna. Kaurin gashin mutum wajen maikiron 70 ne, maikiron kuwa kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita. Ƙurar da ke wucewa cikin huhu ba ta kai maikiron 10 ba, ido ba ya ganinta ɗaya-ɗaya, kuma rashin nauyinta ya sa take shan kwana tare da iska ta fice ta fayif ɗin tsakiya. Samfefa ita ce uwar wannan ƙura. Idan filtar injinka ta gwanjo ta yage ko ba ta zauna daidai ba, injin zai riƙa feso ta cikin shago, ku shaƙa, alhali ƙasa tana nan fes kuna ganin an yi maganin abin. Ka gwada da kanka: da magariba ka rufe ƙofa, a yi samfefa kaɗan, ka haska tocilan daga gefe. Abin da za ka gani yana yawo a cikin hasken shi ne wanda tarko bai kama ba.

Ba ƙaramin abu ba ne. A shekarun 1960 likitoci a Ingila suka lura cewa wani irin ciwon daji na cikin hanci, wanda ba kasafai ake ganinsa ba, ya yi yawa a tsakanin masu yin kujeru a garin High Wycombe. A 1995 hukumar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ƙurar katako a rukunin farko na abubuwan da aka tabbatar suna haddasa shi. A Ingila yau doka ba ta yarda ƙurar katako mai tauri ta wuce miligiram 3 a kyubik mita ɗaya na iskar wurin aiki ba. Katakan da muke saye a ƴan katako kuma suna cikin waɗanda aka sani da tayar da asma da ƙaiƙayin fata, musamman iroko da obeche. Allon MDF, wanda ake yi da niƙaƙƙen katako da aka matse, ya ƙara da nasa, domin ƙurarsa ta fi laushi kuma tana haɗe da gam.

Muna da sauƙin da kafintocin ƙasashen sanyi ba su da shi. Su ba sa son fitar da iskar shago waje don kada ɗumi ya tafi, mu kuwa babu abin da za mu rasa. Ka ajiye injin a waje a inuwa, ko ka ja iskar da yake fitarwa da fayif ta bango. Ka dai lura inda take fuskanta, kada ta zama tagar maƙwabci ko wurin mai abinci. Kuma tun da iskar da ta fita sai wata ta shigo ta maye gurbinta, ka nisanta janareta daga ƙofa da taga, kada ka jawo hayaƙinsa ciki, shi kam kisa yake yi nan take. Ka sa sabuwar filta duk da haka, kada ka cire ta don ka yi tarko.

Sai ka kama ƙurar a inda take tashi: tiyo a jikin injin samfefa kai tsaye, ba a gefensa ba. Takunkumin da ke tare irin wannan ƙura shi ne mai lamba N95 ko FFP2. Na tsumma da shuɗin nan na asibiti ba sa tare ta. Mai gemu ya sani cewa takunkumi ba ya manne masa sosai, iska na bi ta gefe, saboda haka shi ya fi kowa bukatar a zuƙe ƙurar tun daga tushe. A daina hure kaya da jiki da iskar kwamfuresa, a kuma yayyafa ruwa kafin shara. Yaran shago su ake ba samfefa da tsintsiya, su suka fi shaƙa, kuma amana ce iyayensu suka ba ka, don haka takunkumin farko nasu ne.

Tarin kansa ba fannina ba ne, ni kafinta ne ba likita ba. Amma tarin da ya wuce mako biyu ana zuwa asibiti ne a gwada, domin yana iya zama tarin fuka, kuma gwajinsa da maganinsa kyauta ne a asibitocin gwamnati a Najeriya. Ku je tare da yaron, ku gaya wa likita sana'arku da irin katakon da kuke aiki da shi. Ku kuma faɗa masa idan tarin yana sauƙi ranar da ba a buɗe shago ba, domin wannan alama ce da yake bukatar ji. Hanci ɗaya da ya daɗe a toshe ko yake yawan haɓo shi ma ba a zama da shi.

Garin da ka tara kuma yana da masu so. Masu kiwon kaji suna sayen sassaƙe don shimfiɗa, masu murhun gari suna sayen na zarto. Amma na MDF da na katakon da aka shafa wa maganin gara ko fenti, kada ya je ƙarƙashin kaji ko ƙarƙashin tukunya. Ranar da za ku yanka irinsu, ka zubar da duron kafin a fara, ka sake zubarwa bayan an gama, ka ɗaure wannan a buhu daban.